Masu kukan an ɓoye musu aladen Razorback

Akwai wata tambaya da ta zama ruwan dare a bakin samarinmu masu kallon finafinan dodanni, kuma ta ishe ni. Da zarar an ambaci fim a fada, kafin a zuba shayi na biyu wani zai ce: "An nuna shi sosai?" Idan an nuna dabbar tun daga hanci har wutsiya, da tsakar rana, ana iya ƙirga haƙoranta, to fim ya yi. Idan kuwa ba a nuna ba, sai ka ji ana cewa an cuce su, an cinye musu kuɗin intanet a banza. Wannan ma'aunin mai sayen ragon layya ne, wanda sai ya taɓa ƙugu, ya buɗe baki ya duba haƙora kafin ya taya. A kasuwar dabbobi yana da amfani. A sinima kuwa shi ne ya sa ake yi wa fim irin Razorback hukuncin zalunci, ana cewa tsohon fim ne na duhu da hayaƙi wanda aka yi wa mutane alkawarin dodo aka hana su gani.

Ga wanda bai san shi ba, Razorback fim ne na ƙasar Ostireliya da ya fito a 1984. Sunan na nufin aladen daji mai gadon baya kamar bakin aska. Labarin gajere ne. A wani ƙauye na ƙirƙira mai suna Gamulla, can tsakiyar busasshen daji, wani ƙaton alade mai girman karkanda ya ratsa gidan wani tsoho, Jake Cullen, da dare, ya tafi da jikansa. Ba wanda ya yarda da tsohon. Aka kai shi kotu bisa zargin kashe yaron, aka sake shi don rashin hujja, amma garin bai sake shi ba. Bayan shekara biyu wata ƴar jarida daga Amurka, Beth Winters, ta zo binciken masu karkashe kangaru suna niƙa namansa su yi abincin karnuka. Ta ɓata. Mijinta Carl ya biyo sawu. Shi ke nan. In labari kake nema, za ka iya rubuta shi a bayan kwalin ashana.

Kuma ba samarin fada ne suka fara raina shi ba. Tun fitowarsa masu sharhin finafinai suka yi masa laƙabi da Jaws mai kofato, wato kwaikwayon fim ɗin kifin nan na Steven Spielberg na 1975, an dai fitar da shi daga teku an kai shi tudu. Wasu suka ce bidiyon waƙa ne aka ja shi ya kai awa ɗaya da rabi. Zargin yana da tushe, domin daraktan, Russell Mulcahy, daga bidiyon waƙoƙi ya fito. Shi ya yi bidiyon da tashar MTV ta buɗe shirye-shiryenta da shi ranar 1 ga Agusta 1981, shi ya yi wa ƙungiyar Duran Duran nasu da suka zagaya duniya, kuma Razorback ne fim ɗinsa na farko mai labari. Fim ɗin bai mayar da kuɗinsa a gidajen sinima ba. A kaset ya rayu, hannu zuwa hannu, har ya tara mabiya masu kare shi kamar ɗan uwansu. Ni ina cikinsu, kuma ba don kewar ƙuruciya ba.

Samarin fada da masu sharhin 1984 kuskure ɗaya suka yi, ko da yake ɗaya ya shigo ta ƙofa ɗaya ta taga. Duka sun ɗauka hoto riga ce da ake sa wa labari, ana iya tuɓe ta a duba abin da ke ciki. A Razorback in ka tuɓe rigar ba ka bar komai ba, domin tsoron a cikin hasken da ƙurar yake zaune.

Dubi yadda Dean Semler, mai ɗaukar hoton, yake aiki. Yawancin masu ɗaukar hoto gaban mutum suke sa fitila don a ga fuskarsa. Shi bayan abu yake ajiye ta. Sannan ya cika wurin da hayaƙi da ƙura, yadda hasken zai samu jiki, ya zama sanduna-sanduna masu ratsowa ta hujin kwano da tsagar katako. Duk abin da ya gitta tsakaninka da wannan haske ya zama baƙar inuwa mai iyaka amma ba ta da fuska. Daren fim ɗin shuɗi ne mai sanyi, ranarsa ja ce kamar garwashi, ba a bar maka launi ɗaya na kwanciyar hankali ba. Kyamara takan kwanta ƙasa daidai hancin dabba ta ruga a guje cikin ciyawa, kai mai kallo ka koma kai ne abin da ke tahowa. Shi kansa aladen kuwa gutsure-gutsure ake ba ka shi: haure ɗaya yana ɗigar da yawu, ido ɗaya cikin duhu, tururin numfashi, gadon baya yana wucewa bayan shinge kamar tudu ya tashi tafiya. Sauran kai za ka ƙarasa da kanka. Kuma aladen da ƙwaƙwalwarka za ta gina daga waɗannan gutsattsari ya fi duk wanda maƙeri zai ƙera girma.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ce ɗan Tawa ko ɗan Damagaram ne ke bukatar a yi masa wannan bayani. Mu da muke rayuwa cikin hazo wata uku a shekara! Mun san ranar Disamba da kan koma kamar farin faifai, ka kalle ta ido da ido ba ta yi maka komai ba. Mun san abin da ke faruwa in babbar mota ta haska hanyar jar ƙasa da dare, ƙura ta turnuƙe, wani abu ya ɓullo a tsakiyar hasken, ka kasa cewa jaki ne, ko mutum ne da kaya a ka, ko raƙumi. Wannan daƙiƙa biyu da zuciya ke bugawa kafin ido ya tantance, ita Semler ya kama ya shimfiɗa ta tsawon fim. A kewayen Broken Hill aka ɗauki yawancinsa, wani garin haƙar ma'adinai a ƙuryar yammacin jihar New South Wales, inda shi Semler ɗin ya riga ya ɗauki Mad Max 2 a 1981. Ƙasa ce fako, mai ƙaya da ƙarancin ruwa. Bature na Landan zai iya cewa launin an yi masa ƙari. Mu ba mu da wannan uzuri.

Masu wayo a cikin masu suka sukan tambaya: daga ina wannan haske yake fitowa a tsakiyar dajin da babu lantarki? Me ya kawo hayaƙi inda ba a hura wuta ba? Wa ya taɓa tsayar da kakarsa tana tsakar tatsuniya ya ce ta faɗa masa a wace lakol Gizo ya koyi Hausa? Fim ɗin bai taɓa cewa shi rahoton ma'aikatar gandun daji ba ne. Tun hoton farko, inda farfelar injin jan ruwa ke juyawa cikin iska a ƙarƙashin jan sama, ya sanar da kai cewa mafarki za ka shiga, irin wanda ake farkawa da gumi. Akwai mota a maƙale bisa itace, ba wanda ya tsaya yi maka bayani. Akwai wurin da Carl, bayan an yar da shi a daji, ƙishirwa ta juya masa kai, yake tafe bisa farin fakon gishiri da ya tsattsage, ƙwarangwal ɗin doki ya taso masa daga ƙasa. A wannan wurin babu aladen ko kaɗan, kuma yana cikin wuraren da mutane suka fi tunawa bayan shekara arba'in. Wanda ya taɓa ganin kawalwalniya da azahar a watan Afrilu ya san ba ƙarya aka yi masa ba.

Yanzu ga hujjarsu mafi ƙarfi, ba zan ɓoye ta ba. Sukan ce: Malam, daina yi mana falsafa, ai ɓoye shi aka yi don gunkin da aka ƙera bai yi kyau ba. Gaskiya ne. An kashe kuɗi mai yawa wajen ƙera aladen inji, rahotanni sun ce dala 250,000 cikin kasafin fim na dalar Ostireliya miliyan 5.5, kuma da aka kawo shi gaban kyamara bai gamsar ba. To sai me? Kifin Jaws ma haka ya yi ta lalacewa cikin ruwan gishiri har Spielberg ya koma nuna ganguna masu yawo a saman teku a madadinsa. Ƙarancin nama kowace mace ta taɓa gamuwa da shi. A nan ake gane wadda ta iya girki da wadda za ta zuba ruwa ta ce laifin mahauci ne. Finafinai nawa aka yi a waɗancan shekaru da gumakan roba marasa kyau, masu su suka fito da su fili cikin haske, aka yi dariya aka manta? Matsalar kowa ya same ta. Mafitar ce ba kowa ya samu ba. Cibiyar finafinan Ostireliya ta ba Razorback kyautar ɗaukar hoto da ta tace hoto a 1984, kuma Semler ya je ya ci Oscar da Dances with Wolves bayan ƴan shekaru. Mulcahy kuma ya yi Highlander a 1986. Ba tsautsayi ne ya haifi wannan hoto ba.

In kana son shaida daga cikin fim ɗin kansa, dubi ƙarshensa. A faɗan ƙarshe cikin masana'antar nama dole ta sa aka ƙara fito da aladen, har Carl ya yaudare shi ya hau bel mai jan nama ya faɗa cikin ƙatuwar farfela. Nan ne aka biya wa masu "a nuna mana" bukatarsu, kuma nan ne fim ɗin ya fi rauni. Kana ganin wuya ba ya lanƙwasa yadda ya kamata, kana jin ƙarfe a ƙarƙashin gashi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A fim ɗin tsoro gani har tsoron yake kora. Ido wa ka raina? Wanda kake gani yau da gobe.

Tunda ana maganar rauni, Carl ɗin ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Gregory Harrison kyakkyawan saurayi ne daga talabijin ɗin Amurka, an kawo shi don kasuwar can, kuma duk sanda ya tsaya kusa da Bill Kerr, mai wasan tsoho Jake, sai ya zama kamar ruwan da ba a sa wa gishiri ba. Soyayyar da ake son ƙullawa tsakaninsa da Sarah, mai binciken aladun, an yi ta da gaggawa, ga matarsa ko kwanan kirki ba ta yi da mutuwa ba. Wannan na ba su.

Abin da ba zan ba su ba shi ne cewa babu komai a ƙarƙashin kwalliyar. Ka lura da wa ake ɓoyewa da wa ake haskawa. Dabbar tana cikin inuwa. Mutanen kuwa, Benny da Dicko Baker, ƴan uwa biyu masu aiki a masana'antar Petpak, ana dasa musu haske a fuska har ka ga dattin haƙoransu. A cikin ramin haƙar ma'adinai suke kwana kamar kuraye. Motarsu duk ƙugiyoyi ce da ƙarafa. Dariyarsu ba ta mutane ba ce. Masana'antarsu, da tururinta da gawarwakin da ke reto a ƙugiya da jini a daɓe, ita ce wurin da ya fi kowane muni a fim ɗin, kuma ba alade ne ya gina ta ba. Daren da Beth ta mutu, su suka fara tare ta a hanya, suka ture motarta, Dicko ya nemi keta mata haddi. Da aladen ya iso sai suka gudu suka bar ta. Haka suka yi wa Jake daga baya, suka karya masa ƙafafu suka bar shi a daji don dabbar ta ƙarasa musu aiki. Farautar kangaru da suke yi da dare, su dallare dabba da fitila ta daskare sannan su harbe ta, an ɗauke ta da irin hasken da ake ɗaukar harin aladen. Fim ɗin bai sa kowa ya tsaya ya yi huɗuba a kan wane ne dabba a garin ba. Da fitila ya faɗi maganar. Wanda ya ce bidiyon waƙa ne kawai, kunnensa ya je kallo ya bar idonsa a gida.

Haka kuma buɗewar fim ɗin ba wasa ba ce ga mutanen da aka yi shi dominsu. A Agustan 1980 wata jaririya ƴar sati tara, Azaria Chamberlain, ta ɓata daga tanti kusa da dutsen Uluru. Uwarta Lindy ta ce karen daji da ake kira dingo ne ya ɗauke ta. Ƙasar ta ƙi yarda, jaridu suka yi mata ca, a 1982 aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Lokacin da Razorback ya fito tana kurkuku. Sai a 1986 aka sake ta, a 1988 aka soke hukuncin, kuma sai 2012 aka rubuta a hukumance cewa dingo ne ya kashe yarinyar. To ka yi tunanin ɗan Ostireliya zaune a sinima a 1984, an nuna masa da idonsa dabba ta ɗauke yaro, sannan aka nuna masa kotu da maƙwabta suna yi wa mai gaskiya kallon maƙaryaci. Kuma ga inda ɓoye aladen ya yi aiki na biyu: kai mai kallo ma ba ka gan shi sosai ba. In aka kira ka shaida, me za ka ce ka gani? Ƙura, inuwa, bango ya tsage. Da an nuna shi ƙarara, da wannan damuwa ta tafi.

Na san akwai mai cewa duk dabbobin duniya a rasa wadda za a zauna kallo sai alade. Ba wanda ya ce a sa shi a tukunya. Kuma zaɓen nasa yana da ma'ana. Alade ba ɗan asalin Ostireliya ba ne, jiragen Turawan farko ne suka sauke shi a 1788, ya tsere daga garke ya koma daji, yau miliyoyinsu suna tone gonaki suna cin ƴaƴan tumaki. Dodon wannan fim baƙi ne suka kawo shi da hannunsu, kamar yadda suka kawo masana'antar da bindigar.

Me ya lalata wa yaranmu ido? Kwamfuta mai arha. Tun daga Sharknado na 2013 zuwa The Meg na 2018 da ɗaruruwan ƴan uwansu marasa suna da ake tura wa juna a waya, dodo yana fitowa tun minti na biyar, fes da shi kamar an wanke, yana tsalle ba nauyi, yana taka ƙasa ƙura ba ta tashi. Yara na kallo suna cin gyaɗa suna dariya. Ba wanda zai ji tsoron fita bayan gida da dare saboda shi. Laifin ba na na'urar ba ne. Spielberg yana da kwamfuta a Jurassic Park na 1993, amma kafin ya nuna maka babban dodon sai da ya nuna maka ruwa yana rawa cikin kofi, kuma da ya fito da shi cikin dare da ruwan sama ya fito da shi. Ya san abin da kakanninmu suka sani. A tatsuniya wa ya taɓa faɗa maka tsawon Dodo ko launin fatarsa? An ce maka dai yana cikin ruwa, an kwaikwayi muryarsa, fitilar aci-balbal tana rawa a bango, kai kuma ka ƙanƙame zanen yayarka. A aji ma kullum faɗan da nake yi da ɗalibai ke nan in an ba su rubutun siffantawa. Yaro zai jera maka kai, wuya, ƙafa huɗu, wutsiya, kamar mai cika takardar likitan dabbobi. Wanda ya rubuta cewa kaji sun yi tsit, kare ya shige ƙarƙashin rumbu, shi ne ya sa ni na waiga.

Wannan ya shafi matasanmu masu yin gajerun finafinai da waya, masu kukan rashin kayan aiki. Wasunsu sun fara manna dodannin kwamfuta na kyauta a kan hoton da suka ɗauka da ƙarfe goma sha biyun rana, lokacin da haske ya fi kowane lokaci mutuwa. Ga hazo kyauta, ga ƙurar garke in shanu sun dawo da magariba, ga fitilar babur, ga hujin kwano a kowane shago. Abin da Semler ya sa ma'aikata da injunan hayaƙi suka yi masa, mu iska ke kawo mana har ɗaki muna sharewa.

Sai masu fassara finafinai zuwa Hausa, waɗanda ba sa iya barin daƙiƙa uku ta wuce ba su cusa barkwanci ba. Razorback yana da nasa abin dariyar, ba ya bukatar taimako. Akwai mutumin da ke kishingiɗe yana kallon talabijin, aladen ya fizgi sarƙar tarkon da aka ɗaure a jikin gidan, kusurwar ɗakin ta ɓalle ta bi shi cikin duhu da talabijin ɗin tana ci gaba da magana. Amma akwai kuma daren da Carl ya hau injin jan ruwa ya ɗaure kansa a sama, garken aladu na kewaya ƙasa, ba abin da kake ji sai kukan ƙarfe da gurnani da kiɗan Iva Davies mai kama da iska a cikin bututu. Idan har wani ya ɗauko fim ɗin nan zai fassara, ina roƙonsa ya kashe makirfo ɗinsa tun daga hawan Carl har gari ya waye injin ya faɗa cikin tafki.